Kaburbura Takwas a Gonar Buba

Daga Turai 'yar Hajjo, a Birnin Kudu, zuwa ga Kawu Haladu maɗinki, a Gwaram. Sha ɗaya ga watan bawan salloli, wato Zulƙida, shekara ta 1292 bayan Hijira.

Da sunan Allah nake farawa. Gaisuwa da ban girma, Kawu, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Hapsatu da duk wanda ke cin tuwo a gidanka. Yaya gwiwar? Ɗanbala mai kanwa, wanda zai miƙa maka wannan, ya ce yanzu da sanda kake zuwa masallaci, amma wai bakin nan bai tsufa ba. Mu nan lafiya. Cikin yarana A'i ta yi zazzaɓin kwana huɗu ta miƙe, Mero kuwa sai ci kamar gara. Dawa ta yi kyau bana, ko da yake tun rasuwar Sabo ni ce mijin ni ce matar a gonar nan.

Bayan haka, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ka san tun da Ningawa suka ƙone ƙauyukan kudu bara, hankalin garin nan bai kwanta ba. To sarki ya yi umarni a faɗaɗa ganuwa ta gabas, a haƙa sabon gwalalo a bayanta, rami mai faɗin da doki ba zai tsallake ba. Shekaranjiya sarkin gini ya zo da igiyarsa da turakunsa. Igiyar ta ratsa gonar kakana Buba da na gada, kuma duk faɗin gonar nan ba ta ga inda za ta bi ba sai kusurwar tsamiya, inda kaburburan nan takwas suke.

Bakwai na Yahudawan nan ne, baƙin Kaka, wannan kowa ya sani. Na takwas uwata ce. Kai ka binne ta da hannunka ranar da mahara suka zo aka rufe ƙofofin gari kuna waje, ina 'yar shekara shida.

Na je wurin Liman Ƙasimu. Ya saurare ni, Allah ya saka masa. Ya ce tsaron gari larura ce, ba yadda za a yi. Musulma za a ɗauke ta da mutunci, tsofaffin mata su tsaya da zannuwa su kare, a mai da ita maƙabartar gari cikin 'yan'uwanta. Sauran bakwai kuma a tattara abin da aka samu a zuba a rami guda can bayan dutse. Sai ya ce, "Wanne ne nata?" Kawu, ban san wanne ne ba. Duka takwas ɗin sun kwanta sun zama iri ɗaya, ciyawa ɗaya, tsawo ɗaya, kowanne kai kudu. Wata tsohuwa ta ce na bakin hanya ne, wani tsoho ya rantse na gindin tsamiya ne. Liman ya ce shi ba ya aiki da "ina jin", kuma ba a buɗe kabarin mace don a leƙa a gani. Maganar wanda ya haƙa kaɗai zai karɓa, kuma ya san rubutun hannunka. Sarkin gini kuwa a gabana ya ce igiyarsa ba ta san kabari ba, in an nuna a ɗauke, in ba a nuna ba shi dai aikinsa ba zai tsaya ba.

Sau ɗaya na taɓa tambayarka, ranar da aka kai ni ɗakin Sabo. Ka ce, "Tana nan cikinsu," ka shiga zancen goro. Ran nan na ƙyale ka, yau ba zan ƙyale ba. An fara haƙa daga ƙofar arewa, za su iso gonata bayan babbar salla da 'yan kwanaki. Ba tarihi nake so ba, na san halinka. Ka ce na kaza ne, daga wajen kaza, shi ke nan. Tsoro nake ji kada dagi ya sauka a kan uwata ina tsaye ina kallo ban san ita ce ba.

Ga daddawa na aiko wa Inna, tawa ce ba ta kasuwa ba. Allah ya bar mana kai.

*

Daga Haladu, a Gwaram, zuwa ga 'yata Turai. Sha takwas ga watan bawan salloli.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki da yaranki. Takardarki ta zo, daddawa ma ta zo, Innarki ta ce hannunki ya ɗauko na uwarki. Gwiwa tana nan yadda take, ranar da ta ga dama ta kai ni masallaci, ranar da ba ta ga dama ba in yi salla a zaure. Ido ne ya fi damuna. Zare ya daina shiga allura sai na roƙi wani, amma alƙalami har yanzu yana jin maganata. Na ji daɗin warkewar A'i. Ki dinga jiƙa mata tsamiya.

Kin ce ba kya son tarihi. Sai ki yi haƙuri, ni ban iya zuwa wurin magana ba sai na zagaya. Kuma kin gaji gona ba ki gaji labarinta ba, laifina ne wannan.

Kakanki Buba, wan ubana, fatoma ne, haka ubansa. Baƙin fatake suke saukarwa. Cikin baƙinsu akwai waɗannan mutane daga Gadamas da Tarabulus, suna biyowa ta Kano su zauna a Birnin Kudu su jira ayarin da ke kawo hauren giwa da fatu daga Adamawa. Ba su taɓa wuce biyar ko shida a lokaci guda ba. Biyun farko sun mutu tun kafin jihadi. Mutanen gari suka ce ba za a sa su a maƙabarta ba, aka bar gawa a zaure har rana ta yi tsaka ana gardama, sai uban Buba ya ce shi baƙonsa ba zai kumbura a gidansa ba, ya yanki kusurwar gonarsa ya bayar. Masu haƙan namu ne, yadda suka saba suka haƙa, shi ya sa kika ga duk sun fuskanci waje ɗaya. Uku annobar agana ta kashe su a wata guda, ina ɗan shekara goma. Na shida, Ishaƙa, maciji ne ya sare shi a hanyar Sundimina. Na bakwai shi ne Mahalufu, maƙerin azurfa, wanda ya zo da niyyar damina ɗaya ya yi shekara sha tara.

Mutane ne masu wuyar sha'ani wajen abinci. Da kansu suke yanka, kuma in sun ci nama ko ki kawo fura da nono mai sanyin randa ba za su taɓa ba. Ran Asabar ba sa hura wuta, ba sa ɗaukar kaya. In sun je wurin matattunsu ba sa zuba ruwa ko sa tukunya, tsakuwa suke ɗorawa, kowa guda. Akwai dutse ɗaya mai rubutunsu, ya faɗi tun da daɗewa, wani ya jingina shi da tsamiya, yanzu ba wanda ya san kan wa yake.

Da ciwon ajali ya kama Mahalufu ba sauran ɗan'uwansa ko ɗaya a ƙasar nan. Ya kira Buba, ni ina riƙe da ƙwaryar ruwa. Ya ce a addininsu ba a ta da ƙashin mamaci daga inda ya kwanta sai ranar tashi. Bai nemi a kai kayansa gida ba, bai nemi a aika wa kowa ba, wannan kaɗai ya roƙa, shi da shidan da suka riga shi. Buba ya ɗora hannu a ƙirjinsa ya ɗauki amanar. Da Buba zai rasu, ni ya ɗora wa.

Hajjo kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin nan. Tasu ce tun tana ƙarama, Mahalufu da bakinsa yake ce mata 'yarsa. Ban ajiye ta cikin bare ba, Turai. Ki bar ta inda take.

Zancen wanne ne, ki ba ni lokaci in yi tunani. Ki gai da Liman Ƙasimu, allo ɗaya muka wanke da shi a Yalwan Damai. Allah ya tsare ku da garinku.

*

Daga Turai zuwa ga Kawu Haladu. Ashirin da huɗu ga watan bawan salloli.

Gaisuwa, Kawu. Ina fatan kuna lafiya. Yara lafiyar jiki dai suna da ita. Ban iya jan gaisuwar yau ba, ka gafarce ni.

Me ka yi mini haka? Na roƙe ka magana ɗaya, ka aiko mini da Gadamas da Tarabulus da fura da nono. Ban gama haɗiye wannan ba Liman ya ji Ɗanbala ya sauka, ya aiko a kawo amsa. Na ce masa babu amsa a ciki, ya ce in kawo dai, wataƙila shi ya gano abin da ban gano ba. A zaurensa ya karanta, da ƙarfi, mutum ya fi goma a zaune, har da sarkin gini. Sai da ya kai "tasu ce tun tana ƙarama, Mahalufu da bakinsa yake ce mata 'yarsa" sannan ya tsaya ya naɗe takardar. Ina amfani, magana ta riga ta fita.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Wai Hajjo ba 'yar Buba ba ce, 'yar Bayahude ce, shi ya sa farar fata, shi ya sa aka kai ta can aka ɓoye. Wai ba rufe ƙofa ba ne dalili, kunya ce. Jummai maƙwabciyata, wadda muke cin gishirin juna shekara goma, ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ai ni dama na daɗe ina kallon hancin nan naki." Mahauci ya tambaye ni cikin raha ko in kawo nawa a yanka, ko da kaina nake yankawa. Na yi dariya don kada in yi kuka a kasuwa. A'i ta dawo daga ɗiban ruwa ta ce ba za ta ƙara zuwa ba.

Abin da ya fi wannan muni, sarkin gini ya samu bakin magana. Ya ce tunda duk takwas ɗin jinsi ɗaya ne, me ake jira? Liman ya ce masa a'a, shi ya san Hajjo tana salla. Amma muryarsa ba ta fito yadda ta fito da farko ba, na lura.

Yanzu ina tambayarka, kuma kada ka zagaya. Gaskiya ne? In gaskiya ne ka faɗa mini, ni ba yarinya ba ce, uwa uwa ce ko 'yar wane ce. Ubana bai haifi namiji ba, ni ya zaunar ya koya wa karatu, zan iya ɗaukar magana. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in ji labarin uwata a bakin rijiya. In kuwa ƙarya ne, to ka rubuta ƙarya ne, ka rubuta wanne ne kabarinta, a ɗauke ta da rana tsaka kowa yana gani a kai ta cikin Musulmi, bakin kowa ya mutu.

Ko dai mantawa ka yi, Kawu, kunya ta hana ka faɗa? Wannan tunanin ne yake hana ni cin abinci. In kai ka manta, duk duniya ba wanda ya sani.

Masu haƙa sun wuce marina. Daga gonata ina jin waƙarsu.

*

Daga Turai zuwa ga Kawu Haladu. Sha biyu ga watan babbar salla.

Kawu, barka da salla, in kana inda za a yi maka barka. Kwana goma sha takwas ke nan ba kai ba Ɗanbala. An ce Ningawa sun fito ta wajenku, an ce an ga hayaƙi kwana biyu a jere, an ce Gwaram ta rufe ƙofa. Kowa da abin da yake faɗa, ba wanda ya gani da idonsa. Mun yi salla ba daɗi, liman yana huɗuba mutane suna waigen kudu.

Na yi maka magana mai zafi a takardar baya. In ita ce ta hana ka amsawa, na tuba, ka ɗauke ta a haukan 'ya. In kuwa ciwo ne, Inna ta sa wani ya rubuto ko da kalma ɗaya.

Labarin hayaƙin ya sa an ninka masu haƙa. Jiya na auna da ƙafata, taki sittin ya rage tsakaninsu da tsamiya. Sarkin gini ya ce ranar Alhamis ta sama zai tsaya a kan kaburburan, ko da amsa ko babu. Na je na zauna a wurin ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya ko zuciyata za ta buga a kan wani. Ba ta buga ba. Ashe jini ba ya gane komai ta cikin ƙasa.

Mahayan sarki za su fita gobe duba hanya, na roƙi ɗayansu ya riƙe wannan. Don Allah, Kawu. Don Allah.

*

Daga Haladu zuwa ga 'yata Turai. Sha shida ga watan babbar salla. A hannunta kaɗai, kada kowa ya karanta mata.

Aminci gare ki. Muna raye, ni da Innarki. Ningawa sun zo sun kwashi shanu a rugagen yamma sun ƙone rumbuna, ba su taɓa gari ba. Ɗanbala ya maƙale a wani ƙauye mai shinge da jakunansa, sai jiya ya shigo bayan mahayanku. Takardunki biyu rana ɗaya na karɓe su, na karanta ta fushi sannan ta kuka. Ban ji haushin ta farko ba. Kaina na ji haushi.

Ki ji da kyau. Hajjo 'yar Buba ce, ta cikinsa, uwarta Bafillatana ce daga Unguwar Ya, can ta samo farin da hancin. Abin da nake nufi da tasu ce, ita ce take hura musu wuta ran Asabar tun tana 'yar shekara bakwai. Shekarar agana, da kowa ya gudu daga zauren baƙi, ita da ta riga ta yi ciwon ta warke ita take kai musu kunu. Mahalufu ya ƙera mata awarwaro, yana ce mata 'yata yadda nake ce miki. Ban san za a karanta maganata a zaure ba, amma tsoho da ya kai shekaruna ya kamata ya san takarda ba ta da ƙofa. Na ɓata sunan 'yar'uwata da hannuna, ina neman gafararki. Na rubuta wa Liman wannan daban, da rantsuwa, ya karanta a masallaci.

Ban manta ba, Turai. Da gangan na ƙi faɗa, yau zan gaya miki dalili.

Nan Gwaram ma akwai kaburburan Yahudawa, guda huɗu a bakin kogi, sun ma girmi na gonarki. Shekarar da na zo garin nan ana gyaran ganuwa, aka ga ƙasar wurin tana da kyau, aka shiga ɗiba. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya tsaya musu ne kawai. Ina wucewa na ga muƙamuƙin mutum a cikin kwandon ƙasa, da haƙoransa, an kai an kwaɓa da shi. Na tsaya na kalla, na ce ba amanata ba ce, na wuce. Yau wurin kududdufi ne, agwagi ke wanka a ciki. Yaran garin nan ba su san an taɓa binne kowa a can ba.

Da takardarki ta farko ta zo na ga abin da ke tafe. Muddin ba a san wanne ne na Hajjo ba, kowane ɗaya cikin takwas ɗin zai iya zama kabarin Musulma, kuma Ƙasimun da na sani ba zai bari a sa dagi a kan kabarin Musulma a zuba ta a rami ba, ba kuma zai kai Bayahude maƙabartar gari ba. Ranar da na nuna nata, ranar bakwai ɗin suka tashi. Uwarki ce take tsaron su shekara ashirin da shida ba ta sani ba. Na so in yi shiru har aikin ya wuce, in bar ki da jin haushina. Ban yi lissafin abin da shirun zai jawo miki ba, kuma ban da tabbacin Ƙasimu zai iya da sarkin gini.

Ranar da Hajjo ta rasu muna cire ciyawa a gona ni da ita, da hantsi. Muka ji kururuwa, muka ruga, kafin mu kai an rufe ƙofa. Kibiya ta same ta a cinya, mai dafi. Na ja ta cikin duwatsu. Ba ta kai azahar ba. Ta yi shahada sau uku da bakinta, ta ce a kai ki wurin ubanki a Sundimina, ta ce akwai gero a jiƙe kada ya lalace. Da maharan suka janye da la'asar ƙofa ba ta buɗu ba, ga zafi, ga kuraye. Na yi mata abin da namiji shi kaɗai zai iya yi, na lulluɓe ta da rigata da rawanina, na yi mata salla ni ɗaya. Duk gonar shuka ce, wurin kaburburan kaɗai ne na san garma ba za ta taɓa bi ba, can na haƙa mata.

Ki tsaya tsamiya tana bayanki, ki fuskanci dutse. Na uku daga hannun dama. Mahalufu ne a damanta.

Ga shi na faɗa. Haƙƙinki ne, na riƙe shi fiye da yadda ya kamata, kuma ba na son in mutu da shi a bakina. Ni aka ɗora wa amana, ba ke ba. In kin nuna, ba ki yi laifi ba wurin Allah ko wurina, kuma zan ce wa Buba iyakar ƙarfina ke nan. Hannuna ya gaji. Allah ya zaɓa miki.

*

Daga Turai zuwa ga Kawu Haladu. Ashirin da bakwai ga watan babbar salla.

Gaisuwa da ban girma, Kawu, da godiya ga Allah da ya tsare ku. Ka gai da Inna. Yara lafiya, A'i ta koma ɗiban ruwa tun da Liman ya karanta rantsuwarka ran Juma'a. Jummai ta aiko mini da ƙosai, ban mayar ba, ban kuma ci ba.

Takardarka ta zo ran Laraba. Na karanta ta sau biyu a cikin rumbu, na sa ta a murhu. Na yi kuka, ba na ɓoye maka, kuma zancen geron nan ne ya karya ni. Na yi fushi da kai kuma, sosai. Ka ce ba ni aka ɗora wa ba, alhali ka san sarai ka sauke kayan a kaina ka koma ka zauna.

Ran Alhamis da safe aka taru a gindin tsamiya, Liman, sarkin gini, masu haƙa da dagunansu, tsofaffin mata huɗu da zannuwa a hannu, an ma kawo makara. Na fito daga gida da niyyar nunawa, wallahi da niyyar nunawa. Na ce ni me ya haɗa ni da mutanen Gadamas. Sai na ga kwandunan a jere a bakin ramin, sababbi, an kawo su don bakwai ɗin.

Liman ya ce, "Turai, amsa ta zo?"

Na ce, "Ta zo, Malam."

"To wanne ne?"

Na ce, "Na sani, amma ba zan faɗa ba."

Sarkin gini ya ce, "Ke, wasa muka zo yi? Kin san abin da kike cewa? In na kauce wa wurin nan sai na zagaya ta cikin dutse, kwana goma sha biyu ne a ƙalla. In Ningawa suka shigo ta wannan giɓin, ke za ki tare su da zanenki?" Na ce masa ban da amsar wannan. Gaskiya ce, ban da ita har yanzu. Na ce kakana ya yi wa baƙonsa alkawari, uwata tana cikin takwas ɗin nan, wanda zai sa dagi ya sa, amma ya san wataƙila a kan Musulma ya sa. Muryata tana rawa kamar ta akuya, kada ka zaci wata jaruma ce ta tsaya a wurin.

Liman ya dube ni. Ina jin ya gane komai, har da hannunka a ciki. Ya ce shi bai san hukuncin da ke tilasta wa 'ya nuna kabarin uwarta ba, kuma muddin yana limancin garin nan ba za a taɓa ko ɗaya ba. Sarkin gini ya tafi wurin sarki, aka yi kwana biyu ban san inda za ta faɗi ba. Ran Asabar aka zo aka tuge turakun. An zagaya da igiyar ta gabas, ta cikin gonata. Ta cinye fiye da rabi, wajen da ya fi ba da dawa. Ban san abin da za mu ci baɗi ba, amma ba shi ne yake tayar mini da hankali ba. Giɓin ne. Har yau a buɗe yake, dutsen ya fi yadda aka zata tauri, kuma duk wanda ya ji kukan jaki daga kudu sai ya waiwayo ya dube ni. Akwai matan da suka daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba, su ma 'ya'ya gare su. Kullum ina can ina ɗaukar ƙasa a ka tare da masu aiki tun safe har la'asar, ko kwana ɗaya ya ragu. Ka sa mu a addu'a a rufe shi lafiya. In wani abu ya faru ta nan, ban san yadda zan zauna a garin nan ba.

Akwai abin da ba ka hango ba, kai mai dabara. Sarkin gini bai haƙura ba. Ya ce mace ce, ba za ta iya daurewa ba, wata rana za ta tsaya a kan na uwarta, ranar ya miƙe igiyarsa. Ya faɗa a fili, yanzu kowa ya zama ɗan kallo. Hanyar da muke bi da kwanduna ta gaban tsamiya ta wuce, sau talatin a yini ko fiye, kuma duk wucewa akwai mai duban inda idona zai sauka. Sai in kafa ido a ƙeyar wadda ke gabana in wuce. Ko A'i ban gaya wa ba, yarinya ce, za ta kalla.

Shekara ashirin da shida ban san inda uwata take ba. Yau na sani, taki huɗu daga inda nake wucewa, kuma duk faɗin garin nan wurin ne kaɗai ba ni da ikon dubawa. Kai da ba mai kallonka, Kawu, ka kira sunanta daga can ka yi mata addu'a, ka ce mata ina wucewa.